Shekarar da Muka Nome Teku

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafi, kuma tun bakwai ga wata iskar kudu take busawa, wadda mutanen Jidda ke kira azyab. Ba ta sanyaya komai. Tana zuwa da ɗumi da laima, riga ta manne wa mutum a baya, gishiri ya kwanta masa a leɓe. Shekaranjiya bayan azahar ina zaune a ƙofar gidan da nake gadi a Aziziyya, sai ta kawo wani wari daga wajen teku. Direban gidan ya ce kwata ce ta toshe. Ban yi masa gardama ba, amma na san ba kwata ba ce, ciyawar ruwa ce ke ruɓewa a wani wuri. Na tashi na je gefe na tofar da yawu. Warin nan na taɓa zama da shi wata guda cur, fiye da shekara talatin da suka wuce, lokacin da azumi ya faɗo a irin wannan zafin.

A lokacin ban fi shekara biyu da aure ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau na taso a ƙafa tare da ayarin maniyyata. Mun yi shekara huɗu a hanya, muna tsayawa mu yi ƙwadagon tsinkar auduga a Sudan mu ƙara gaba. A can na auri mai ɗakina Balaraba. Da muka sauke farali babu guzurin komawa, sai muka zauna kudu da gari, a wajen da daga baya aka riƙa kira Karantina. Bukkoki ne na buhu da garwar kananzir da aka fasa aka miƙar. Ba famfo, ba lantarki. Larabcina bai wuce na gaisuwa ba, kuma ban iya wata sana'a ba sai noma, a ƙasar da ko abin kiwon akuya ba ya fitowa.

Abin da ya rufa mana asiri wani fili ne a cikin teku, bayan bukkokinmu. Ruwansa bai wuce gwiwa ba, inda ya yi zurfi ya kai ƙugu. Ya faro daga gaɓa har zuwa duwatsun da igiyar ruwa ke fashewa a kansu. Mu muka sa masa suna fadama, don a ƙasansa akwai wata gajeriyar ciyawa mai siririn ganye kamar lawashin albasa. A cikinta ƙananan kifi ke girma. Idan ka taka a hankali za ka ga suna watsewa kamar an watsa tsaba. Akwai ƙaguwa, akwai dodon koɗi, akwai wani kifi mai ƙaya a baya da ake kira sijan, wanda ke shigowa garke garke yana kiwo. Gida goma sha ɗaya ke ci daga fadamar nan. Gidana ba shi da wata hanya sai ita, ga shi Balaraba tana goyon 'yarmu ta fari.

Wanda ya koya mini shiga ruwa wani dattijo ne, Baba Idi. Bahaushe ne haifaffen gaɓar Sudan, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Da ƙuruciyarsa nutso yake yi yana ɗebo katantanwar teku, har kunnensa ɗaya ya mutu. Shi kaɗai yake zaune. Shi ya nuna mini yadda ake saƙa birgi, ragar da ake jefawa ta buɗe kamar faifai. Wata biyar na yi ina saƙa nawa da zaren auduga, ina ɗaura dalma a bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Yana da kusurwarsa a kudancin fadama, inda ya jera duwatsu kamar ɗan shinge, kuma kowa ya san nasa ne, ba mai jefa raga a wurin.

Kullum bayan sallar asuba nake shiga, kafin rana ta ɗaga. Da hantsi na fito da abin da Allah ya ba ni. Balaraba ta fere, ta wanke da ruwan teku don kada a ɓata na sha, ta soya da man riɗi, ta aza a kai ta tafi kasuwar Bab Makka. Da yamma ta dawo da dawa, da ɗan gawayi, da garwar ruwa ɗaya. Kawunan kifin su ne miyarmu. Ba mu tara komai ba, amma ba mu taɓa wuni da yunwa ba.

A lokacin sanyi muka fara ganin ciyawar. An ja wani tsohon kwalekwalen ƙarfe daga tashar jiragen ruwa aka yar da shi a arewacin fadama. A ƙarƙashinsa ta fito. Koriya ce shar, tana yaɗo a ƙasa kamar dankali, ganyenta kamar gashin kaza. Baba Idi ya ciro reshe ɗaya ya juya shi, ya sansana, ya ce shekara hamsin yana cikin wannan tekun bai taɓa ganinta ba. Ya ce a cikin jirgi ta zo, a manne da shi, daga wani tekun. Sai muka riƙa ce mata baƙuwa.

Da farko har kyau take mana. Amma duk inda ta shimfiɗa, ciyawar lawashi sai ta yi ja ta mutu a ƙarƙashinta. Idan ka ɗaga shimfiɗar, ƙasan baƙi ne, ba abin da ke motsi. Sijan ya zo bakinta ya juya. Kafin watan Rajab ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fadama. Birgi ya daina nutsewa yadda ya kamata, sai ya kwanta a kanta, kifi ya fice ta ƙasa.

Ni na kawo maganar gayya. Ranar wata Juma'a ce bayan an sauko, muna zaune a inuwar masallacinmu na zana. Na ce wannan ai ciyawa ce, kuma mu duka 'ya'yan manoma ne. A gida idan ciyawa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, gayya ake kira. Mutum ashirin da fartanya, wuni ɗaya, an gama.

Garba, wani Bakano da muke wasa da shi tun a hanya, ya ce, "Kun ji Bazazzagi. An kawo shi ƙasa mai tsarki, shi gona yake nema."

Na ce, "Kai ai ba da kai nake ba. Bakano in ya ga fartanya sai ya tambayi nawa ake sayarwa."

Aka yi dariya. Amma na ga idanun mutane sun canza. Akwai wanda ya shekara goma bai riƙe fartanya ba.

Baba Idi ya juyo da kunnensa mai ji, aka maimaita masa. Sai ya ce, "Kada ku sare ta."

Na ce, "To Baba, mu zuba mata ido ta cinye mu?"

"Ku cire da hannu. Kaɗan kaɗan, ku zuba a buhu ku kai tudu."

"Da hannu? Ai sai mu shekara."

"To ku shekara." Ya dube ni. "Ya ibni, ɗana, ruwa ba gona ba ne. A nan ba abin da ke kwanciya inda ka yar da shi."

A zuciyata na ce wannan tsoho bai taɓa yin kunya ɗaya a gona ba, ina zai san ciyawa. Na san ta tun ina bin mahaifina noman fari da maimai. Ka sare ta daga saiwa, ka kifar da ita, ka wuce. Rana ta gama sauran aikin. Da wannan na rinjayi mutane.

Wani maƙeri daga cikinmu ya ƙera fartanya tara da lauje shida daga ƙarfen ganga. Mata suka haɗa dawa, kowane gida mudu ɗaya, aka dama fura aka tuƙa tuwo. Ranar gayyar muka shiga ruwa mu goma sha tara, muka jeru kafaɗa da kafaɗa kamar a gona. Wani ya kifa garwa a bakin gaɓa yana kaɗa mana. Ba zan ɓoye ba, tun da na bar gida ban ji daɗi irin na safiyar nan ba. Bayana ya tuna sunkuyon, hannuna ya tuna saran. Garba yana gefena yana haki, ina ce masa ya koma wajen mata ya tsare fura.

Ciyawar ba ta da ƙarfi. Sara ɗaya take tsinkewa, ta fitar da wani farin ruwa mai yauƙi da ke manne wa gashin ƙafa. Kafin azahar ruwan fadama ya koma kamar tukunyar da aka yanka alayyafo a ciki, gutsi-gutsi, suna yawo. Muka bar su a nan. Ko mutum ɗaya bai ce a kwashe ba. A gona ba a kwashewa.

Baba Idi bai shiga ba. Yana tsaye a kan duwatsunsa, hannu a baya, yana kallon ruwa. Iskar arewa ce ke busawa ranar, mai daɗi, kuma duk abin da muka sare a hankali yake tafiya kudu, wajen ƙafafunsa. Na gani da idona. Na ce a raina matacciya ce take tafiya.

Mun yi kwana goma sha biyar muna murna. Inda muka nome ya yi fari tas. Mata suka riƙa ce mini sarkin noma. Har Garba ya ce daga yau ya yarda Zazzagawa na da amfani guda ɗaya.

A mako na uku na ga ɗigo-ɗigo kore a ƙasan ruwa, a wuraren da baƙuwa ba ta taɓa kaiwa ba. Na sunkuya na ciro ɗaya. Guntun da bai fi farcena ba ne, gefensa da shatin lauje, ya fitar da fararen saiwoyi ya kama yashi. Na ciro na biyu, na uku. Na miƙe na duba gabas da yamma, ko'ina su ne, kamar an yafa iri da gangan. Sai a lokacin na tuna da kiri-kiri, ciyawar nan da in ka daddatsa ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa kowane gaɓa sai ya tsiro. Na san wannan tun ina yaro. Abin da ke kashe ciyawa a gona ba fartanya ba ce, rana ce da bushewa. Mu kuwa mun sare ta mun bar ta a cikin ruwa.

Kafin a ga watan azumi ɗigon nan sun haɗe. Fadama duka ta zama shimfiɗa ɗaya, har da kusurwar Baba Idi, inda ta fi kauri don a nan shingen duwatsunsa ya tare gutsattsarin.

Sai zafi ya shigo sosai. A wannan tekun ruwa yana ja baya idan bazara ta yi, wuraren da ke gwiwa su koma idon sawu. Saman shimfiɗar ya fito fili, rana ta dafa shi, na ƙasa kuma yana nan da ransa yana turo sabo. Na saman ya yi fari, ya yi ruwan ƙasa, ya narke. Sannan iska ta juya ta zama azyab, ta tattaro ruɓaɓɓen ta jibge mana a bakin gaɓa, tudu guda mai tsawo, taku arba'in daga ƙofar bukkata.

Ban san yadda zan rubuta warin ba. Ya yi kama da ƙwan da ya ɓaci, amma da ƙarni a ciki, da wani zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya. Ba ya tsayawa a hanci, sauka yake yi a maƙogwaro ya zauna. Mai azumi cikinsa wayam ne, ba abin da zai amayar, sai dai ya yi ta yunƙuri yana hawaye. Muka je muka tambayi limaminmu ko yunƙurin amai na karya azumi. Ya ce ba ya karyawa, yana faɗa yana toshe da hancinsa da rawani. Awarwaron azurfar Balaraba, wanda uwarta ta ba ta, ya yi baƙi ƙirin cikin kwana uku ba tare da ya taɓa ruwa ba. Cokulan ma haka. Ruwan sha idan ya wuni a buɗe sai ya ɗauki ɗanɗanon. Tufafin da aka wanke aka shanya sun fi waɗanda ba a wanke ba wari.

Ƙuda kuwa, wani iri ne ƙanana baƙaƙe da ke tashi daga tudun kamar hayaƙi. Idan ka taka tudun, ɓawon sama ya fashe, ƙafarka ta nutse har ƙwauri cikin wani abu mai ɗumi, ta fito da tsutsa a tsakanin yatsu. A nan muka riƙa ganin ƙaguwa a kife, fari fat, da ƙananan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, jere a bakin ruwa, bakinsu a buɗe. Kifin shekara mai zuwa ke nan. Duk wanda ya shiga ruwan ya fito da ƙuraje har cinya, suna ƙaiƙayi, gumi na shiga ciki.

Ban daina shiga ba. Bayan asuba na ratsa fadamar duka, ina jan ƙafa cikin yauƙi, har bakin duwatsu inda ruwa ke da ɗan motsi. Na jefa birgi sau talatin, sau arba'in. Kowane jifa ya dawo da nauyi kamar na kama abin kirki, na ja, ciyawa ce. Na tsaya na tsince ta daga idon raga da yatsu. Wata rana na samu sijan huɗu, ramammu. Balaraba ta soya biyu, ta ce ba za ta kai kasuwa ba sai mun ɗanɗana. Da aka buga igwar shan ruwa na gutsura. Ɗaci ne kamar an fasa matsarmama a ciki. Yunwa ta sa kifin ya ci baƙuwa, ta shiga namansa. Na haɗiye don ba wani abin. Ita ta kasa.

Da can shan ruwanmu kunun tsamiya ne da kifi da tuwo. Ya koma kunu da tuwo, ya koma kunu kaɗai, ya koma kunun da kana ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Yanzu idan aka sha ruwa a gidan da nake gadi, abin da ake fitarwa a zubar ya isa ya ciyar da unguwarmu ta lokacin, kuma ruwan da ƙanƙara a ciki. Mu namu a tulu yake, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, kuma buhun ma wari yake.

Wata rana Balaraba ta ce, "Malam, baƙuwar nan ganye ce fa. Ko kuka ma ai ganye ce."

Na ce, "Akuyar gidan maƙeri ta sansana ta juya."

"Akuya ba ta goyo."

Ta sa na ɗebo mata mai rai daga can ciki. Ta wanke sau uku, ta tafasa ta zubar da ruwan, ta sake tafasawa da kanwa da barkono. Ta narke ta zama wani abu kore mai kumfa, in ka ɗaga ludayi ya biyo shi kamar majina. Garba ya leƙo ya ga tukunyar. Da a da ne, da ya yi mako yana ba da labarin miyar Zazzagawa. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Allah ya kawo sauƙi," ya wuce. Tun bayan da ɗigon nan suka fito bai sake tsokanata ba. Ba wanda ya zage ni a unguwar. Gaisuwa kawai aka gajarta. Na fi son a zage ni.

Miyar ba ta ciwu ba. Muka haƙa rami muka binne ta, muka yi asarar gawayi da kanwa. Nonon Balaraba ya fara ɗaukewa. Liman ya ce ta ajiye azumi, ta ajiye, amma wanda ya ajiye azumi a gidan da ba abinci bai ajiye komai ba. Yarinyar ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani siriri, ƙuda na zama a gefen bakinta muna kora.

Daga goma sha biyu ga wata na fara yin abin da Baba Idi ya faɗa tun farko. Na ɗauki buhu na tafi kusurwarsa. Na durƙusa cikin ruwa, na bi kowane yaɗo da yatsa har ƙarshensa, na ɗaga a hankali kada ya tsinke, na sa a buhu. In ya cika na kai tudu, nesa da gaɓa, na baza a kan yashi mai zafi. A nan kam tana mutuwa, wuni ɗaya ta zama kamar toka. Ina yi daga hantsi har azahar, rana a ƙeyata, harshena kamar guntun fata. Shi yana zaune a kan dutse yana kallo. Cikin kwana tara na share wurin da ya kai shimfiɗar tabarma shida. Ba lawashi a ƙasan, baƙar laka ce kawai mai tashin kumfa, amma na ce wataƙila ya dawo.

Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu. Da na koma, gefunan sun miƙo hannu sun kusa haɗewa a tsakiya. Na tsaya da buhu a hannu. Na durƙusa zan fara daga farko.

Baba Idi ya ce, "Halas, ya isa haka, Haruna. Tashi."

Na ce, "Baba, ni na jawo."

"Na sani. Ina nan ai." Ya gyara zama. "Kai ka shuka, amma ba kai ka kawo irin ba. Tashi, ƙafarka ta fara ruɓewa."

Ya gaya mini bayan salla zai tashi. Akwai wani wuri arewa da gari, tafiyar kwana biyu, inda jirage ba sa zuwa, kuma ruwan can yake gangarowa nan, ba na nan ke hawa can ba. Ya san masunta a wurin. Na ce ya tafi da ni. Idan na samu wuri sai na dawo na ɗauki iyalina. Ya ce in zo masa da kayana ya gani.

Yau fadamar nan babu ita. An cike ta da ƙasa da duwatsu, manyan motoci na bi ta kai. Kifin da nake saya wa gida a kwali yake zuwa, a daskare, ba wanda ya san tekun da ya fito. 'Yar da ake goyo a lokacin ta yi aure tana da 'ya'ya uku, Hausarta rabi Larabci ce, kuma idan na nuna mata wurin na ce a nan abincinta yake fitowa, sai ta ga kwalta.

Kwana biyu bayan salla na kai wa Baba Idi kayana da hantsi. Ba su da yawa: buta, wuƙa, tabarma, da birgi. Na riga na wanke birgin sau biyu na shanya. Ya karɓa ya baza a ƙasa, ya fara bin bakinsa dalma bayan dalma, yana buɗe kowane ƙulli da farce. Balaraba tana tsaye daga baya da yarinya. Ya kai wajen rabi ya tsaya. Ya zaro wani abu daga cikin naɗin zaren, inda laima ba ta gama fita ba, ya ɗora mini a tafin hannu. Bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Kore ne shar.

Na ce, "Zan sake shanyawa, Baba. Mako guda a rana."

"Ƙulli nawa ne a ragar nan?"

Ban sani ba. Ni na ƙulla su, amma ban sani ba.

Ya ce, "Ni birgina na ƙone jiya. Shekara tara ina jifa da shi. Mutanen can ba su yi mana komai ba da za mu kai musu baƙuwa, ya ibni."

"To in na ƙone, da me zan kama?"

"Da babu. Sai ka saƙa wani. Wata biyar, su kuma waɗannan su ci me?" Ya nuna Balaraba da haɓa. "Ni baki ɗaya ne, zan lallaɓa. Kai uku ne."

Na naɗe birgin na ɗauka muka koma gida. Na zauna a ƙofar bukka na kwance dalmomin ɗaya bayan ɗaya na tara a ƙwarya. Balaraba ta ce ba gawayi, kuma akwai ɗan tsakin dawa da maƙwabta suka aiko na salla. Na miƙa mata ragar. Ta dube ni, ta karɓa, ta cusa a murhu a ƙarƙashin tukunya. Zaren ya sha gishiri, da ƙyar ya kama, ya yi ta hayaƙi mai warin nan. Kunun ya ɗauka. Muka sha haka nan, ta ba yarinyar da cokali, ta karɓa.

Washegari Baba Idi ya kama hanyar arewa shi kaɗai, ban sake ganinsa ba. Ni kuma na kai wa maƙeri dalmar, ya ba ni garwa biyu da sanda, na shiga gari ina sayar da ruwa gida gida. Shekara goma sha ɗaya na yi da sandar nan a kafaɗa. Teku yana nan taku arba'in daga ƙofata, ban sake sa ƙafa a cikinsa ba.